Sakin da Bai Saku Ba

Agege, Legas
Talata, bayan la'asar

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiyar biki. Allah ya kai ki ɗakinki lafiya ranar Lahadi, ya tsare ki a hanyar nan daga Agege zuwa Ojo, ya raba ki da direban da bai yi barci ba da manyan motocin Mile 2. Allah ya sa ki shiga da ƙafar dama, ya sa gidan ya karɓe ki.

Ke ce 'yar fari, kuma ke kaɗai Allah ya ba mu. Ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da ke in ce ga abin da ke raina. Takarda kuwa ba ta da ido, shi ya sa na ɗauki biro. Jiya na ji kina gaya wa ƙawarki a bakin famfo cewa za ki roƙi mijinki a ɗaga tarewa, don kada ki bar ni ni kaɗai da jinyar babanki. Ba za a ɗaga ba, Ummi. Amma kafin ki tafi ina so ki san abin da ya faru shekarar da kike aji biyar a makarantar kwana, lokacin da saura ƙiris a raba ni da shi. Na san kin tsinci gutsuri-tsoma a bakin mutanen gidan nan. Gara ki ji daga wurina, haɗe da kurakuraina, ko kya tsallake ramukan da na faɗa.

Yanzu aka ɗauke ruwan sama. Babanki yana baranda a kan tabarma da ɗan kwandon goron da nake saya masa, yana ware fari daga ja, in ya gama ya haɗe su ya sake farawa. Ƙamshi na tasowa daga gidan burodin bayan layi. Jirgin sama ya wuce ƙasa-ƙasa zai sauka Ikeja, ya ɗaga kai ya raka shi da ido har ya ɓace. Wanda ya gan shi haka zai rantse lafiyarsa ƙalau.

A bakin layin dogo na fara ganinsa. Akwai wani mai ba da hayar littattafan soyayya da ke baza su a kan buhu, rumfar goron babanki na gefensa. Ina 'yar sha takwas, kullum ina can, in mayar da wannan in karɓi wancan. Shi kuma yana yayyafa wa goro ruwa, ko ɗagowa ba ya yi sai ya ce, "Malama, jiya wa ya auri wa?" In ce ai ba a kai nan ba tukuna. Ya ce, "To ki gaya musu su yi sauri, goro na ƙara tsada." Ya ba ni shekara ashirin da ɗoriya, matarsa ta fari ta rasu ba su haihu ba. Iyayena suka ja, ni na kafe. Na karanta cewa miji babba inuwa ne, kuma wannan dai littafi bai yi mini ƙarya ba. Na sha inuwa.

Sai dai littattafan nan ranar ɗaurin aure suke ƙarewa. In ma an yi ciwo a ciki, na ɗan lokaci ne: jarumar ta yi kuka a gefen gado, hawayenta ya ɗiga a hannunsa, ya buɗe ido ya kira sunanta. Ban taɓa karanta inda aka tambayi jaruma shaidar cewa ita matar wane ce ba. An ɗaura aurenmu a ƙofar gida, an raba goro, nasa ma, an watse. Unguwa duk ta shaida, na ɗauka ya wadatar. Ban san wata rana zan tsaya gaban wanda ba ɗan unguwa ba. Don haka ke, tun lallen hannunki bai goge ba, ki sa mijinki ya karɓo takardar aurenku daga masallaci, ku ajiye ɗaya, ki kawo mini hoton ɗaya. Kada ki ji kunya wai kamar kina zarginsa. Ai laima ba zagin rana ba ce.

Ciwon a hankali ya shigo, kamar yadda ruwa ke bin bango da damina. Wata rana ya tafi Shagamu sarin goro ya dawo hannu rabbana, ya ce bai tuna abin da ya kai shi ba, muka yi dariya. Wata rana ya yi la'asar, ya sha ruwa, ya sake tashi ya yi la'asar. Sai ranar da Iya Risika, Bayarabiyar nan mai wake da burodi da ke ɗakin da ke kallon namu, ta riƙo hannunsa ta kawo shi gida. Ta same shi tsaye a tsakiyar layin dogon da yake tsallakawa tun yana yawo ba wando, yana tambayar masu keke ina ne hanyar gidan Sarkin Goro, sunan da ake kiran kakansa da shi.

Na kai shi asibiti a ɓoye. Likitar ta yi masa tambayoyi, aka yi hoton kai, ta faɗi wani suna da Turanci, ta ce mu a wurinmu ciwon mantuwa ne, kuma gaba yake yi, ba ya baya. Ta rubuta takarda ta ba ni. Ta ce, "Madam, yanzu da yake da ranaku masu kyau, ku je wurin lauya ya sa hannu ya wakilta ki a kan harkokinsa. Ki kuma gaya wa danginsa." Na ce to. A cikin danfo, motar haya, na ninke takardar na cusa a jaka. Ban je wurin lauya ba, don na ji kamar in haƙa wa mai rai kabari ne. Ban gaya wa kowa ba, don an raine ni a kan cewa mace ta gari rufin asirin mijinta ce.

Na kuwa rufa, Ummi, na rufa har na ƙware. In an gaishe shi ya yi shiru, ni ke amsawa daga bayan labule. In Baffanki Garba, yayansa, ya ce, "Maman Ummi, me ke damun ɗan'uwana ne?" sai in ce hawan jini ne da gajiyar kasuwa. Na rufe rumfa na ce gyara ake yi. A raina ina jin kaina wata jaruma, mai riƙe sirri ita kaɗai, wadda za a gane darajarta a babi na ƙarshe. Wannan shi ne babban kuskurena. Ki rufa wa mijinki asirin talauci, ki rufa masa na fushi da na rauninsa irin na ɗan Adam. Ciwo kuwa ba asiri ba ne. In kin ɓoye shi, ranar da za ki nemi shaida ke da kanki kin riga kin kore su.

Ga yadda ranar ta zo. Kullum da safe yakan sa riga ya ce zai tafi Shagamu, ni kuma in ɓoye takalmansa. Ran nan ya gan su a hannuna. Ya dube ni da wani ido da ban san shi da shi ba, ya ce, "Ke ce mai tsare ni? Je ki, na sake ki." Mutumin da tunda muke bai taɓa ce mini ko "tashi daga nan" ba. Na ji kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashina. Kafin in gama kuka ya manta, yana tambayata ko akwai shayi. Kin san gidanmu, ɗakuna na kallon juna, tari ma in ka yi sai an ce maka sannu. An ji. Bayan 'yan makonni ya sake faɗa, ranar da na kulle ƙofa. An ji wannan ma. Ta ukun a gaban Baffanki ya yi ta, ranar Juma'a, da na hana shi fita masallaci da rigar barci.

Kada ki riƙe Baffanki a zuciya. Ba mugunta ya yi ba, tsoron Allah ne ya kama shi. Ya zauna a bakin ƙofa ya dafe kai, ya ce, "Maman Ummi, an ce wannan ta uku ce. Gaskiya ne?"

Na ce, "Yaya, ba ya cikin hankalinsa."

Ya ce, "Tun yaushe? Ba ke ce kika ce mini hawan jini ba ne? Mai hawan jini ai sakinsa saki ne. In na bar ki kika kwana a ɗakin nan, me zan gaya wa Ubangiji?"

Da bakina na gina katangar, ga ta ta tsaya a gabana. Ya ce in fita tukuna har a ji ta bakin malamai. Iya Risika ce ta ja hannuna, ta kira ni yadda Yarbawa ke kiran matar aure, ta ce, "Iyawo, ba inda za ki. Ɗakina ga shi, taku biyu ne."

Kwanakin da na yi a ɗakin nan ba zan so wa maƙiyi ba. Ina ganin ƙofata ta tsakanin labule, ba ni da ikon shiga. Ba gado nake tunani ba, ba ɗaki ba. Wanka nake tunani. Babanki ba ya yarda kowa ya taɓa jikinsa sai ni, ni ɗin ma sai na fara zuba ruwan a ƙafarsa ina yi masa hira. 'Ya'yan Baffanki suka zo da ƙarfinsu na samari, suka ɗauka abin na ƙarfi ne. Ina ji yana ihu da Yarbancin yarintarsa, yana kiran mahaifiyarsa, bokiti na faɗuwa. Ya daina cin abinci. In na dafa na aika, sai a dawo da kwano yadda yake, don ba su san sai an ɗan ci a gabansa yake yarda ba. Ni kuma ina zaune a kan buhun waken Iya Risika da waya a hannu, na buɗe labari ina karanta layi ɗaya sau goma. A karon farko a rayuwata littafi ya ƙi ɗaukata ya kai ni ko'ina.

Iya Risika ta ce, "Iyawo, kukan nan ba ya wanke mutum. Ba ki da takardar dokita? Ku Hausawa da kunya! Mu da tuni mun buga ganga." Sai a lokacin na zazzage jaka.

Aka zauna a zauren liman bayan la'asar. Liman, Baffanki, dattawa biyu, ni daga gefe cikin hijabi, Iya Risika a bakin ƙofa ta ce ita ma shaida ce, ba mai korarta. Aka kawo babanki cikin farar rigarsa, ya rame. Liman ya sa aka karanta masa takardar likita aka fassara. Ya saurari Iya Risika. Sannan ya juya a hankali ya ce, "Alhaji, ka san wannan baiwar Allah?"

Babanki ya dube ni da fara'a, ya ce, "Baƙuwa ce. A ba ta ruwa mana."

Liman ya ce, "Alhaji, magariba raka'a nawa ce?"

Ya yi ɗan tunani irin na ɗan kasuwa, ya ce, "Ai Malam, ya danganta da yadda aka wayi gari."

Wani dattijo ya fara dariya ya haɗiye ta. Babanki fa, mutumin da in liman ya yi tafiya shi ake turawa gaba. Na ga Baffanki ya ja hularsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Ni ce na jawo aka tsayar da mijina a gaban mutane ana gwada shi kamar ɗan makaranta. Da na yi magana tun farko, da a cikin ɗaki za a gama, da mutuncinsa.

Liman ya ce wa Baffanki, "Malam Garba, da a ce yau ɗan'uwanka ya sayar da gidanku na gado, za ka yarda an yi ciniki?" Ya ce a'a. Liman ya ce, "To wanda ba a karɓi cinikinsa ba, ta ina za a karɓi sakinsa? Alƙalami a ɗauke yake daga kansa. Saki bai saku ba, ko ɗaya. Matarsa ce." Sannan ya juyo wajena ya faɗi abin da ban zata ba. Ya ce, "Ke kuma ki sani, shari'a ba ta ɗaure ki ba. In kin ga ba za ki iya ba, kina da haƙƙin ki nemi a raba, babu mai zaginki a zauren nan."

Ba zan yi miki ƙarya ba, Ummi, na leƙa ƙofar nan. Cikin ƙiftawar ido na ga kaina a wani ɗaki mai shuɗin labule, can wani gari da ban sani ba, ina barci har hantsi, babu wanki, babu mai neman takalmi, littattafai jere a kan taga. Ɗakin ya yi kyau ƙwarai. Sai na ji babanki yana tambayar na kusa da shi ko an ba baƙuwar nan ruwan. Na ce, "Malam, zan zauna." Ki riƙe wannan: ki san haƙƙinki tun kafin ki buƙace shi, na addini da na hukuma. Zaman wadda ta san ƙofa a buɗe take daban yake da zaman wadda aka kulle.

Na ɗauka an gama, ashe Legas ƙofa biyu gare ta. Abin da liman ya warware, banki bai san da shi ba. Da katinsa ya daina aiki na kai shi da kansa. Yarinyar da ke kan tebur ta tambaye shi ranar haihuwarsa, ya miƙa mata goro. Ta kira ogansu, ya dube ni da ladabi ya ce, "Madam, ke wace ce a takarda?" Shekara kusan ashirin ina wanke rigunan mutum, a takarda ni ba kowa ba ce. Wani ya ba ni shawara in kama babban yatsansa in dangwala a kan takardar wakilci, wa zai sani. Allah ya taimake ni na fara tambayar lauya, wata mata a Ikeja. Ta ce kul, wannan laifi ne da zai iya kai ni gidan yari, kuma wakilci sai mai hankali ke bayarwa, lokacinsa ya wuce tun ranar da na ninke takarda a danfo. Yanzu sai babbar kotu ce za ta naɗa wanda zai kula da dukiyarsa. Aka nemi rahoton likita, aka nemi shaidar aure, sai da na yi rantsuwa a rubuce liman ya ƙara da wasiƙa, aka nemi yardar dangi. Baffanki ne ya fara sa hannu, har ya raka ni. Har yau ana ta ɗaga zaman kotun, muna ta komawa. Kafin nan ɗinkin hijabaina da abin da Baffanki ke kawowa suna riƙe da mu, ba mu kwana da yunwa ba. Ke dai ku yi irin wannan magana da mijinki tun kuna dariya: me yake da shi, a ina, wa zai tsaya in ɗayanku ya kasa. Ku rubuta. Faɗar ciwo ba ta kiransa.

Na ga idonki ranar ɗaurin aurenki da aka ce Baffanki ne waliyyi. Kin shiga ɗaki kin yi kuka, kina ganin an ture babanki gefe yana raye. Ba a ture shi ba. Hukuncin da ya hana shi ba da ke, shi ne ya hana shi rabuwa da ni. Ba a ɗaukar rabi a bar rabi. Na daɗe kafin in haɗiye wannan, cewa abin da ya dawo mini da mijina shi ne shaidar da aka yi cewa maganarsa ta daina zama magana.

Hukuncin ya ɗan dame ni kuwa, don ba saki kaɗai yake faɗa ba. Wata safiya ina shafa masa mai a ƙafa, hasken rana ya shigo ta taga ya kwanta a kan gadon, sai ya dafa kaina ya ce, "Ɗakin nan na ba ki. Allah ya yi miki albarka, na yafe miki duniya da lahira." Ban san ko ni yake gani ba, ko mahaifiyarsa, ko wata baƙuwa mai kirki. Kowace mace tana fatan ta ji wannan daga bakin mijinta, ni kuma na ji shi a lokacin da aka ce bakin ba ya ƙulla komai. Abin ya tsaya mini a rai har na aika aka yi mini iso wurin liman. Na ce, "Malam, in sakinsa bai saku ba, albarkar da ya sa mini fa? Ita ma ba ta hau ba?"

Ya ja carbinsa. Ya ce, "Kyautar ɗaki dai ba ta tabbata ba, kada ki dogara da ita. Saki da ciniki da kyauta, waɗannan mu ake kawo wa mu duba. Addu'a kuwa, 'yata, ba ta zaurena take bi ba. Wanda ake aika wa ita ya fi ni sanin hankalin da aka yi ta da shi."

Da wannan nake zaune. Har yau yakan faɗi waccan kalmar, in ruwan wanka ya yi sanyi ko na hana shi fita. Shekaranjiya ma ya ce, "Na sake ki." Na ce, "Na ji, Alhaji, ɗaga hannu in sa maka riga." Ya ɗaga. Waccan ina barinta ta faɗi ƙasa in share da tsintsiya. In ya sa albarka kuwa, hannu biyu nake tarawa in ce amin.

Don haka ki tafi ɗakinki, Ummi. Ba ni kaɗai ba ce yanzu. Tunda na daina ɓoyewa, matar Baffanki na karɓata ranar kotu, Iya Risika na leƙowa, masu keken layinmu duk sun san shi, in ya fita juyo da shi suke yi. Ki riƙa zuwa in hanya ta yi sauƙi. In ya ce ke baƙuwa ce, kada ki gyara masa, ki karɓi ruwan ki sha.

Allah ya tsare fitarki da shigarki. Ya ba ku lafiyar jiki da ta hankali, ke da mijinki, har tsufa. In ya jarrabe ku, ya ba ki baki da za ki faɗa da wuri, da mutanen da za su ji. Ki gaishe da surukanki da kyau. Allah ya yi miki albarka, tawa da ta babanki duka.

Wassalam,
Mamanki